Wuta Na Nan, Mota Ta Ƙi Tashi

Daga cikin al'amuran da ke ɗaure wa mai mota kai, har su kai shi ga yanke hukunci ba tare da hujja ba, babu kamar ya fito bayan sallar asuba da niyyar tafiya, ya murɗa mabuɗi, ya ga fitilun gaban sitiyari sun kama tangaran, rediyo na magana, hon na kuka, amma da ya ƙara murɗawa domin inji ya tashi sai motar ta yi masa shiru, ko ta yi ƙas sau ɗaya ta tsaya, ko kuwa ta dinga gurnani ba ta kama ba. Abin da yakan fara faɗa wa maƙwabcin da ya tsaya taya shi jimami shi ne, "Ai ba batir ba ne, ga wuta nan." Wannan magana, duk da cewa zahirinta yana kama da gaskiya, ita ce ta sa mutane da yawa suka sayi kayan da ba su lalace ba, suka bar illar tana nan inda take, kuma saboda ita ne na ga ya kamata in yi wannan bayani.

Asalin ruɗanin shi ne rashin bambanta samuwar wuta da yawanta. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, idan aka haɗa su aka auna batir mai cikakken caji sai a sami bolt 12.6 ko kusa da haka. Bolt kuwa ma'aunin ƙarfin turin wutar ne, yawan abin da ke kwarara ta cikin waya shi ake aunawa da amfiya, kuma a nan ne mas'alar take. Manyan fitilun gaba guda biyu ba su cin fiye da amfiya goma, rediyo da fitilun dashbod ba su ma kai haka ba, alhali na'urar da ke juya inji, wadda makanikanmu ke kira kik, takan zuƙi amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar motar fetur, a motar gas kuwa abin ya ninka haka. Misalin wannan shi ne randar da ruwa ya rage kaɗan a gindinta: za ta cika maka buta ka yi alwala, amma ba za ta shayar da garke ba, kuma wanda ya ga buta ta cika ba shi da dalilin rantsewa cewa randa a cike take. Kik ɗin nan injiniyan Amurka Charles Kettering ne ya daidaita shi, aka fara sa shi a motar Cadillac a shekarar 1912, domin kafin nan da hannu ake murɗa inji ta hanyar wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban mota, wanda in inji ya yi tutsu yakan karya hannun mai murɗawa. Duk ƙarfin da ƙato yake sawa a wancan zamani ya juya inji, yau batir ne yake bayar da shi cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan mai mota tun farko, kafin ya taɓa sufana ko ya kira kowa, shi ne ya kashe rediyo da fanka, ya sauke gilashi, ya murɗa mabuɗi yana saurare, domin kunne shi ne kayan aikin farko a wannan bincike, kuma abin da ya ji shi zai raba masa mas'alar gida biyu. Ko dai inji bai juya ba sam, ko ya juya da ƙyar kamar mai nishi, wannan gida ɗaya ne, kuma laifin yana tsakanin batir da kik da wayoyin da suka haɗa su. Ko kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa yadda ya saba amma ya ƙi kamawa, to batir da kik sun sauke nauyin da ke kansu, sai a nemi illar a wani wuri. Mutumin da ya rarrabe waɗannan biyu ya yi rabin aikin, wanda kuwa ya cakuɗa su zai wuni yana canza fulogi alhali injinsa ko motsi bai yi ba.

Mu fara da gidan farko. Gwajin da ya fi sauƙi, wanda ba ya bukatar kayan aiki ko ɗaya, shi ne a kunna manyan fitilu, a sa wani ya tsaya a gaban motar yana kallonsu, ko a fuskantar da su ga bango, sa'an nan a murɗa mabuɗi. Idan fitilun suka dushe ƙwarai ko suka mutu, musamman in an ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, to wutar ba ta isa ba, ko dai batir ya yi sanyi ko kuwa hanyar da wutar ke bi ta ƙuntata. Idan kuwa fitilun suka tsaya da haskensu ko gezau, kuma kik bai motsa ba, alama ce cewa umarnin tashi bai isa ga kik ba, ko ya isa amma kik ɗin ya kasa karɓa.

Zan daɗe kaɗan a kan ƙuntatar hanya, domin ita ce ta fi yawa kuma ita aka fi mantawa. Wata shekara, cikin bazara, na tsaya sallar la'asar a wani ƙauye tsakanin Zariya da Funtuwa, da na dawo na murɗa mabuɗi sai na ji ƙas, fitilun dashbod suka ɗauke gaba ɗaya, can kuma suka dawo. Batirin bai yi wata huɗu ba, saboda haka zuciyata ta tafi ga kik, har na fara lissafin inda zan kwana. Wani dattijo da ke gyaran babur a gindin darbejiya ya taso, hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya ce, "Alhaji, buɗe mini bonet in gani." Na ce, "Baba, batirin sabo ne." Ya ce, "Na ji, amma bari hannu ya shaida." Ya kama kan batirin na ja ya murɗa, sai ga shi yana juyawa kamar zobe a yatsan ramamme, ƙarƙashinsa kuwa wani farin gari mai ratsin kore ya taru kamar gishiri. Ya kwance shi da sufana mai lamba goma, ya aika yaro ya kawo ruwan zafi da ɗan guntun kanwa, ya zuba a kai yana ta kumfa, ya kankare cikin zoben da bakin wuƙa har dalmar ta fito da ƙyallinta, ya mayar ya ɗaure tamau. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Hikimar abin kuwa ita ce, garin nan da ruwan batir ke haifarwa yana barin 'yar wuta ta ratsa, wadda ta isa ta kunna fitila, amma da zarar kik ya nemi kasonsa sai hanyar ta yanke, kanwa kuwa tana kashe kaifin asid, shi ya sa take kumfa. Tun daga ranar ban ƙara zargin batir ko kik ba sai na fara girgiza kawunan nan biyu da hannuna.

Wanda zai yi wannan aiki ya kiyaye tertibinsa: a fara kwance baƙar waya mai alamar ragewa, sa'an nan ja mai alamar tarawa, wajen mayarwa kuma a fara da ja a ƙare da baƙa, domin jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da baƙar, in sufana ta taɓa ja da jikin mota a lokaci ɗaya tana iya narkewa a hannun mutum. Kada kuma a bari ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakunan batirin. Sa'an nan a bi baƙar wayar nan har zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wata mai kauri da ke haɗa inji da jikin motar, wadda masu riwaya ke kira at, domin wuta sai ta koma inda ta fito, kuma tsatsa ko sassaucin noti a wannan wuri yana haifar da irin alamun da mataccen batir ke haifarwa daidai wa daida.

Idan kawunan batir lafiya suke, sai a auna shi kansa. Mitar aunawa ba ta da tsada, kuma ina ganin duk mai mota ya kamata ya ajiye ta kusa da jak da sufanar taya. Batirin da ya nuna bolt 12.6 a cike yake, wanda ya nuna 12.2 ya sauka zuwa kusan rabi, wanda ya yi ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi sosai. Sai dai awon da ya fi ƙarfin hujja shi ne wanda ake yi a daidai lokacin da ake murɗa mabuɗi, domin akwai batirin da zai nuna lamba mai kyau yana zaune, da an ɗora masa nauyi sai ya rushe, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ya sauka ƙasa da bolt 9.6 yayin da kik ke aiki. A ƙasarmu zafi ne ke cin batir, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantansa a hankali tsawon bazara, sa'an nan sanyin hunturu ya zo da asuba, lokacin da baƙin mai ya yi kauri inji ya yi nauyi, ya tona asirin abin da zafi ya riga ya aikata.

In an tabbata batir ne, aka sami mai taimako da motarsa, to a haɗa jar waya daga kan ja na mataccen batir zuwa kan ja na mai rai, a ɗaura baƙar a kan baƙi na mai rai, ɗaya bakin nata kuma a maƙala shi a wani tsiraran ƙarfe a jikin injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batirin, saboda batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, kuma haɗin ƙarshe shi ne ke yin tartsatsi. Juya kan wayoyin nan, ko na ƙiftawar ido ne, yana iya ƙona altaneta da ƙwaƙwalwar motar. Turi kuwa, wanda kowa ya sani, na mota mai kuloci ne kaɗai: a kunna mabuɗi, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Mota otomatik ba a tayar da ita da turi, wahalar da matasan unguwa kawai za a yi.

Idan kuwa fitilu ba su dushe ba kuma shiru aka ji, sai a duba ƙananan sharuɗɗan da masu ƙera mota suka gindaya domin kiyaye rayuka. Mota otomatik ba ta tashi sai giyarta na kan P ko N, kuma makunnin da ke shaida mata hakan yakan gaji, saboda haka a taka birki, a mayar da giya N, a sake gwadawa. Wasu masu kuloci ba su tashi sai an taka kuloci har ƙasa. Mai tashi da dannawa tana bukatar a taka birki sosai, kuma in ɗan batirin da ke cikin rimot ya mutu, a yawancin motoci akan kanga rimot ɗin a jikin madannin a danna. Bayan wannan sai akwatin fiyus, wanda a bayan murfinsa akwai taswirar da ke nuna fiyus da rilen kik, kuma tunda rile da yawa a akwatin iri ɗaya ne, ana iya musanya na kik da na hon a gani. Wanda kuma aka sa wa motarsa na'urar hana sata a bayan fage, irin wadda ake yanke waya a ɓoye makunni, ya fara tuhumarta, domin haɗin da aka naɗe da salatif ba ya jure girgizar hanyoyinmu.

Ƙas ɗaya mai ƙarfi, tare da batir lafiyayye, yana nuna solonoyid ɗin da ke goye a bayan kik ya motsa amma kik bai juya ba, ko saboda tagullar da ke cikinsa ta ƙone, ko burushin gawayin da ke cikin kik ya cinye. Dabarar nan ta ƙwanƙwasa jikin kik da ƙarfe yayin da wani ke murɗa mabuɗi tana aiki, domin tana girgiza burushin ya taɓa inda ya kamata, amma a yi ta a hankali, kasancewar kik na zamani yana da maganaɗisu a ciki wanda duka mai ƙarfi ke fasawa, kuma a ɗauke ta a matsayin larurar da za ta kai mutum gareji kawai. In aka ji kik yana juyawa fiii shi kaɗai inji bai motsa ba, haƙoransa ne ba su kama na filawil ba. Akwai kuma hali ɗaya mai hatsari da damina: motar da ta mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada a yi mata ki ko sau ɗaya, domin in ruwa ya shiga silinda, shi ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfin kik sai ya tanƙware sandar fistin. A cire fulogai tukuna, a juya inji ruwan ya fita.

Yanzu sai gida na biyu, inda inji ke juyawa lafiya amma ya ƙi kamawa. Injin fetur yana da rukunai waɗanda in ɗaya ya faɗi aikin ya ɓaci: mai, da iska, da tartsatsin fulogi, da matsi a cikin silinda, da kuma aukuwar kowannensu a lokacinsa. Kafin a shiga bincikensu ina gargaɗi da kada a riƙe mabuɗi fiye da daƙiƙa goma a murɗawa ɗaya, a kuma huta kamar rabin minti ko fiye a tsakani, domin na sha ganin mutum ya fara da matsalar mai, ya ƙare da ƙonannen kik da mataccen batir.

Mai shi ne abin tuhuma na farko, kuma allurar da ke nuna shi ba shaida ce adila ba a tsohuwar mota. A yawancin motocin da ke da injekta, famfon mai yana cikin tanki, kuma idan aka murɗa mabuɗi zuwa inda fitilu ke kamawa, ba tare da an kai ga kik ba, akan ji shi ya yi zuu na kimanin daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya, sa'an nan ya yi shiru. In ba a ji ba, a buɗe murfin tanki a kasa kunne wani ya murɗa, in har yanzu shiru ne a duba fiyus da rilensa kafin a yanke masa hukuncin mutuwa. Famfon nan man da yake nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi, saboda haka al'adar yawo da ɗan mai a gindin tanki, wadda tsadar fetur ta tilasta wa da yawanmu, tana gajarta kwanansa, tana kuma sa shi zuƙar dattin da ya kwanta a ƙasa. Wanda motarsa ta ƙi tashi jim kaɗan bayan ya sha mai na galan a bakin hanya, ya tsiyayi kaɗan a farar kwalba ya ajiye, in akwai ruwa zai gan shi ya kwanta a ƙasa, man yana bisa. Akasin wannan kuma shi ne mai ya yi yawa har ya jiƙa fulogai, alamarsa warin fetur mai ƙarfi, maganinsa a taka totur har ƙasa a riƙe, a yi ki, iska ta share silinda.

Tartsatsi kuwa, a tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, binciken sa a fili yake: a cire wayar fulogi ɗaya, a sa mata fulogi, a kwantar da shi a jikin inji, a yi ki, a ga ko shuɗiyar wuta za ta yi tsalle, in babu a buɗe murfin distiribita a duba raɓa ko tsagewa. Ba a riƙe shi da hannu, domin koyil yana ɗaga bolt 12 ɗin nan zuwa dubbai masu yawa. Motocin yanzu kuwa, irin waɗanda ake shigo da su ta Kwatano, ƙwaƙwalwarsu ce ke ba da izinin mai da tartsatsi, kuma ba ta bayarwa sai wata 'yar na'ura da ke kusa da karanshaf ta sanar da ita cewa inji na juyawa. Wannan sansa idan ta fara lalacewa tana da ɗabi'a sananniya: mota ta mutu in ta yi zafi, ta ƙi tashi, in ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. Haka nan mabuɗin motocin nan yana ɗauke da ɗan ƙwayar shaida a cikin robarsa, in motar ba ta gane shi ba za a ga hoton mabuɗi ko na kwaɗo yana ƙiftawa a dashbod, inji ya juya ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. Mabuɗin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma ba zai tayar da irin wannan mota ba, sai a gwada na ajiya. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbu ko buhunan hatsi kuma a haska wayoyinta da tocila, ɓera yana son su.

Sautin da na fi jin tsoro shi ne inji ya juya da sauri fiye da yadda ya saba, sakayau, babu wannan nauyin da ke zuwa yana komawa. Ma'anarsa matsi ya tafi, kuma mafi yawan sababinsa tsinkewar bel ɗin tayimin ne, wanda ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. A injuna da yawa, idan wannan bel ya tsinke fistin yakan daki bawul ya tanƙware su, saboda haka da an ji wannan sauti a saki mabuɗi, a nemi abin ja. Motar gas kuwa ba ta da fulogin tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna manta, abin da ya fi hana ta tashi shi ne mutuwar hitar da ke ɗumama silinda da sanyin asuba, ko shigar iska cikin bututun mai bayan tanki ya ƙafe ko an canza filta, sai an buga ɗan famfon hannu an fitar da iskar.

Idan bincike ya kai inda hannu da kunne suka tsaya, to motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka goma sha shida a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da ƙwaƙwalwar motar ta rubuta. A nemi mai wannan na'ura kafin a yarda a sayi komai, a kuma sani cewa lambar da ta fito tana nuna unguwar da laifin yake ne, wayar da ta tsinke da sansar da ta mutu suna iya ba da lamba ɗaya, sai an auna kafin a tabbatar. Wanda zai kira makanike kuma ya ba shi labari filla-filla: abin da ya ji, da yadda fitilu suka yi, da ko motar na da zafi ko sanyi, da inda ya sha mai na ƙarshe, da gyaran da aka yi mata kwanan nan, domin da wannan ne zai san kayan aikin da zai ɗauko.

In Allah ya sa motar ta tashi bayan an ba ta wuta daga wata, kada a kama hanya sai an ɗora mita a kan batir inji yana aiki. Lafiyayyar altaneta za ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.5. In allurar ta tsaya a 12 da 'yan kai, ko jan hoton batir ya ƙi mutuwa a dashbod, to ba ta caji, motar tana cin abin da ya rage a batir ne kawai, sai a kashe fanka da rediyo, a duba ko bel ɗin altaneta ya saki, a nufi wurin mai riwaya mafi kusa tun rana ba ta faɗi an bukaci fitila ba.